Kwamfutar da Ta Amsa Daga Ɗakin Ajiya

Bayan la'asar Gwaggo ta kira ni, wai in biyo ta maɗaba'arta. An sauya wa injin buga takardu katin da ke haɗa shi da kwamfutoci, sai kwamfutocin suka daina ganinsa. Takardun jarrabawar wata makaranta ne za su fita da safe, kuma makarantar nan ita kaɗai ta rage wa Gwaggo cikin masu kawo babban aiki. In ta kufce, sai rufe shago.

Gyaran kwamfuta sana'ata ce, kuma na tsani in ji an ce abu ya gagara.

Na isa ana shirin magariba. Warin tawada da kananzir, fanka na gurnani a sama. Kwamfutocin duk sun girme ni, a jere suke kan wata baƙar waya mai kauri da ta bi gindin bango. Ban jima ba na gano matsalar. Idan babbar kwamfuta ta yi kiran gama-gari, wato ta tambayi duk wanda ke kan layi ya bayyana kansa, babu mai jin ta. Wani ya cika adireshin kiran da sifili.

"Wane gwani ne ya yi wannan aika-aikar?" na tambaya.

Baba mai inji, da ya tsufa a shagon, ya rage murya. "Marigayi mijin gwaggonki ne, kuma da gangan. 'Yar nan, a nan ba a kiran kowa da kowa. Wanda kike nema shi kaɗai za ki kira."

"Haba Baba, sabon katin ai sai da wannan kiran. Waya ce fa, ba kushewa ba."

Na gyara lambar, na danna.

Amsoshi suka jeru a allo. Ta kwamfutar teburin Gwaggo. Ta gefen taga. Ga injin ma ya amsa. Har na fara murmushi, sai wata amsar ta shigo ƙarƙashinsu, ba suna, ba lamba.

Fanka ta tsaya.

Rubutu ya fito shi kaɗai: WA KE NAN?

Kwamfutocin suka shiga amsa masa ɗaya bayan ɗaya. Injin ya tashi ba mai taɓa shi, yana jan farar takarda yana tofo ta baƙa ƙirin. Takardar da aka tanada don jarrabawa ce yake ci.

"Mayar da sifilin," Gwaggo ta ce cikin raɗa. "Don Allah."

"Ki rufe shagon ke nan? Wallahi ba zan mayar ba."

Tsoro nake ji, amma haushi ya fi yawa. Na ɗauki 'yar hular ƙarfen da ake toshe ƙarshen waya da ita, na bi layin da rarrafe. Ya wuce ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin ajiya.

"A ciki wayar a datse take," in ji Baba. "Ba ta haɗe da komai."

Akwai mahaɗa daf da ƙofar. Na kama zan kwance.

Wayar da ɗumi. Tana harbawa kamar jijiya.

Wari ya taso, na gashin da ya ƙone.

Aka fizgi wayar daga ciki. Hannuna ya shige ƙarƙashin ƙofar har wuyan hannu. Wani abu mai sanyi ya riƙe ni.

"Wa ke nan?"

Ba daga allo ba. A kunnena.

Sunana ya taho har bakin leɓena. Na cije harshe sai da na ji gishirin jini.

"Ba ruwanka!"

Na yi bisimilla, na murɗe mahaɗar da ɗayan hannun. Ta rabu. Na faɗi da baya, guntun wayar ya zurare ciki. Na ɗaura hular a ƙarshen wayar da ta rage a shagon.

Fanka ta ci gaba da juyawa.

Takardun sun fita da safe, da abin da ya rage na farar takarda. Yatsuna biyu har yau ba sa jin zafi ko sanyi. Gwaggo ta sa an toshe ƙofar nan da bulo, amma ba ta bari an taɓa lambar da na gyara ba.

Duk magariba tambayar tana fitowa a allonta. Gwaggo takan dube ta ta saman tabarau.

"Masu neman abinci ne," takan ce. "Matsa can."

Sai ta tura aiki na gaba.