Shirun Awa Guda

"Wa ya kawo mata wannan?"

Likitar ta ɗaga 'yar kwalbar sama, kafso na kaɗawa a cikinta. Babu takarda a jikinta, babu suna, babu komai.

Na sunkuyar da kai.

Na san kwalbar nan. Ni na saye ta a kasuwar Gusau, ni na wanke ta, ni na ɗaura mata jan zare a wuya don ta yi kyau.

"Husna ta kawo mata," in ji Lukuman. Ya juya wajen 'yar kawunsa. "Ke! Wane irin magani na wanga?"

"Yaya Lukuman... ni dai... maganin zuciya ne..."

"Sunanshi anka tambaye ki!"

Husna ta fashe da kuka.

Likitar ta sauke ajiyar zuciya. "Ku saurare ni da kyau. Hajiya tana shan maganin tsinka jini da muka ɗora ta a kai saboda ciwon zuciyarta. Yanzu ga haɓo, ga aman jini, ya ƙi tsayawa yadda muke so. Muna iya ƙoƙarinmu, amma ina bukatar in san me ke cikin kwalbar nan. Ku nemo mini sunansa."

Ta koma ciki ta ja ƙofa.

Lukuman ya jingina da bango ya runtse ido. Saura sati uku ɗaurin aurenmu, ga mahaifiyarsa kwance a bayan ƙofar can, kuma duk barandar asibitin nan ni kaɗai na san amsar da ake nema.

Na ja mayafina na rufe baki.

Sunana Sa'adatu. 'Yar Kucheri ce ni ta ƙasar Tsafe, ina koyarwa a wata firamare a Gusau, ina zaune wajen yayata Amina. Innata daddawar waken suya take yi, da ita ta ciyar da mu, da ita na yi karatu. Shekara biyu Lukuman ya yi yana fama da mahaifiyarsa Hajiya Kulu a kaina. Ita Husna take so masa, ɗiyar ƙaninta da ta taso a gabanta can Bungudu. Ni kuwa ko sunana ba ta kamawa. In maganata ta taso sai ta ce "ɗiyar mai daddawa." Sai da baffanninsa suka sa baki aka sa rana, Hajiya ta yarda, amma yardar baki ce kawai.

Ni ko ina son Lukuman kamar in yi yaya, kuma na ci burin sai uwarsa ta so ni ko da ƙyar.

Rannan a makaranta wata malama ta nuna mini kafson da mahaifinta ke sha. Ta ce sinadari ne da ake cirewa daga waken suyan da aka tsima, masu shansa na cewa yana taimaka wa zuciya da gudun jini. Na ce alhamdulillahi, ga abin da zan kai wa Hajiya in na je gaisuwa.

Da na sayo na zauna ina juya robar maganin, sai na ga hoton da ke jiki. Wake ne ruɓaɓɓe mai yauƙi, sak abin da Inna ke buɗewa a kwando kwana uku bayan dafawa. Ɗiyar mai daddawa ta kai wa Hajiya daddawa a cikin kafso? Ai har jikokina sai sun ji labari!

Sai na juye su a waccan kwalbar.

Amma na karanta ƙananan rubutun da ke bayan robar, wallahi na karanta. An ce mai shan maganin tsinka jini kada ya sha sai ya tambayi likitansa. Ban san wane irin magani Hajiya ke sha ba, na dai san tana sha. Na ce in na je zan faɗa mata da bakina.

Wane baki?

Na durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta, kaina a ƙasa, mayafi har goshi.

"Ina wuni, Hajiya."

"Lahiya."

Shi ke nan hirarmu. Wace yarinya ce za ta ɗaga ido ta dubi uwar mijin da za ta aura, ta tambaye ta me likita ya rubuta mata? Kunya ta ɗaure mini harshe. Na fito sumui-sumui, na miƙa wa Husna ledar kwalbar a tsakar gida.

"Don Allah ki ba Hajiya. Guda ɗaya kullum."

Ta yi murmushin da bai kai ido ba. "To, amarya."

A mota na ce wa kaina ba komai, gobe in faɗa wa Lukuman.

Washegari ya zo zance yana ta fara'a.

"Sa'ata, kin san Husna ta fara hankali? Wani magani ta samo wa Hajiya, 'yar kwalba mai jan zare. Hajiya sai sa mata albarka take yi."

Na ɗago na dube shi.

"Ita ta samo?"

"Ita hwa! Mi ya faru, ruhina? Fuskarki ta sauya."

"Babu komi."

Da na buɗe baki a lokacin, da an wuce wurin. Amma haushi ya cika ni, ga tsoron kada ya ce mu ga robar. Na ce a raina, tunda nata ne, ita ta san shi, ta yi musu bayani. Haka na yi ta ɗaga maganar, yau gobe, yau gobe, har wata guda ya cika. Sai ga wayarsa da sassafe, wai an taho da Hajiya Gusau cikin jini.

Yanzu ga mu a baranda.

"Inda kinka saye shi za ki kai ni," Lukuman ya ce wa Husna. "Tashi!"

"Yaya, ban iya tuna wurin ba..."

"Ba ki iya tunawa? Kin ɗura wa uwata abin da ba ki sani ba? Wallahi Husna in wani abu ya samu Hajiya, babu ni babu ke har abada!"

Mutane suka fara juyowa. Husna ta dube ni, ni ma na dube ta. Idan ta ce ni ce, ta tona ƙaryar da ta yi wata guda tana cin albarkarta. Idan na ce ni ce, na ba Hajiya hujjar da ta shekara biyu tana nema. Kowaccenmu ta kawar da kai.

Akwai agogo a bangon. Tara da kwata.

Na ce bari dai mu gani, wataƙila jinin ya tsaya da kansa. Na yi ta salati a zuci. Nas ta fito da gudu ta koma da ledar jini. Na ce bari likita ta sake fitowa tukuna. Lukuman ya zo ya tsaya kusa da ni, idanunsa jajur.

"Sa'ata, yi mata addu'a. Addu'arki nike so."

"Ina yi," na ce.

Allah ya gani, ban taɓa ƙin kaina kamar wannan lokacin ba.

Goma da kwata aka buɗe ƙofa za a fito da wani abu, sai na hango ta. Hajiya Kulu, mai muryar da ke cika gida, ta koma 'yar mitsitsiya a kan gado, ɗankwalinta ya zame, furfura a waje, leɓɓanta fari fat.

Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Likita! Ni ce. Ni na kawo shi. Robar tana ɗakina."

Kowa ya juyo ya dube ni.

"Sa'a..." Lukuman ya yi 'yar dariya irin ta wanda bai gane ba. "Mi kike hwaɗi?"

"Ni na ba Husna ta kai mata. Na juye shi ne daga robarsa."

Ya ciro makullin mota ya yi gaba, na bi shi. Muka je gidan Yaya Amina na ɗauko robar, muka dawo. Na miƙa wa likitar robar da hannu biyu. Ta karanta baya, ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau.

"Kin iya karatu?"

"Malama ce ni."

"Kin ga wannan layin?"

"Na gani."

Ta girgiza kai kawai ta shige. Da ma mari ta kwaɗa mini, da ya fi mini sauƙi.

Wajen la'asar jinin ya tsaya. Likitar ta ce haɗa magungunan biyu na iya jawo irin haka, kuma sanin abin da ta sha ya taimaka musu. Aka yi ta hamdala. Ni ban tsaya ba, na nufi tasha na hau motar Tsafe.

Inna na tsakar gida tana sussukar wake na faɗa jikinta. Na kwashe komai na faɗa mata, ban rage ko ɗaya ba.

"Wato kunyata kinka ji, Sa'adatu."

"Inna, ba haka..."

"Haka na. Da kin kai da robarshi, iyaka ta yi miki gori. Gori na kashe mutum?"

Ta ci gaba da aikinta. Hawaye na ɗiga a kan waken, ba ta share ba.

Kwana tara ban ji muryar Lukuman ba. Na kira, na tura saƙo, na rubuta "masoyina ka yafe mini" har na gaji da ganin kalmomin. Ran na goma baffansa Tukur ya aiko, wai Hajiya ta koma gida kuma tana nemana a Bungudu.

Na same ta a kishingiɗe, ta rame. Na durƙusa inda na saba.

"Matso nan."

Na matsa.

"Husna ta hwaɗa min komi. Ta ci albarkar da ba tata ba, na kuma yi mata hwaɗa." Ta numfasa. "Ke kuma don ki faranta min kinka yi, na sani. Ni ma da nawa laihin, da ban tsangwame ki ba da ba ki ɓoye ba. Na yafe miki, Sa'adatu."

Karon farko ke nan da ta kama sunana. Na kifa kai a bakin gadonta na yi kuka kamar raina zai fita. Ta dafa kaina ta ce in tashi, Lukuman na zaure yana jirana.

Zuciyata ta yi fari. Na ce shi ke nan, tunda Hajiya ta sauko ai an gama.

Yana zaune a kan benci ya haɗa hannuwa. Ya rame ya fi uwarsa.

"Masoyina..."

"Zauna, Sa'adatu."

Ba Sa'ata ba. Na zauna a ƙasa.

"Maganin ba ya damuna," ya ce a hankali. "Kuskure na, kowa na yi. Juye shi da kinka yi ma na gane. Shirun da kinka yi wata guda ma ina ƙoƙarin in gane."

"Lukuman, wallahi na yi nadama..."

"Awa guda, Sa'adatu. Na duba agogo ni ma. Kina tsaye kusa da ni, ina zagin Husna gaban jama'a, uwata na zubar da jini. Har na ce ki yi mata addu'a."

Ya juya fuska ga bango, ya daɗe, sannan ya juyo.

"Tambaya guda zan miki. Don girman Allah kada ki yi min ƙarya. Da jinin ya tsaya cikin awar nan, Hajiya ta tashi lahiya lau... da kin hwaɗi?"

Na ga abin da yake so a idonsa. Roƙona yake in ce eh. Kalma guda, ya yarda ko da bai yarda ba, a kama shirin biki, saura kwana goma sha ɗaya.

Na buɗe baki in faɗa. Ta ƙi fita. Na riga na san inda ɓoye-ɓoye ya kai ni, kuma ina son mutumin nan fiye da in zauna a gidansa a kan wata sabuwar ƙarya.

"A'a," na ce. "Da ban hwaɗi ba. Da na bar Husna da shi."

Ya gyaɗa kai sau biyu, hawaye na bin gemunsa.

"Na gode da kinka gaya min gaskiya."

"Ruhina, don Allah..."

"Ina son ki, Sa'a. Wallahi har gobe ina son ki. Amma duk ranar da kinka yi shiru cikin gidana, zan riƙa tambayar kaina mi kike ɓoyewa. Ban iya rayuwa haka, ke ma ba ki iyawa."

Ya miƙe ya fita. Na bi bayansa da ido har ya sha kwana, bai waiwayo ba.

Hajiya da kanta ta sa aka kira shi har sau uku, ta yi lallashi, ta yi faɗa. Matar da ta shekara biyu tana ƙina ita ta koma tana roƙar mini. Bai sauya ba. Ranar da ya kamata a ɗaura aurenmu, ranar kawuna ya mayar musu da kayansu Bungudu. Bai auri Husna ba. Ya nemi canjin wurin aiki ya bar garin.

Na koma makaranta ina koyar da yarana. Duk Juma'a Hajiya takan sa a kira mata ni a waya, ta tambayi Inna, ta tambayi aiki. Ba ta ambatonsa, ni ma ba na tambaya.

Tana nan da ranta, muryarta ta dawo garau. Kullum in na idar da sallah sai na gode wa Allah a kan haka tukuna, sannan in yi kukana.