Yatsu Biyu a Kafaɗar Harold

Wendell Pruitt ne ke rubuta tarihin ƙungiyarsu ta masu adana takardu a ƙaramin fim. Bara ya sa reza ya kankare marigayiya Opal Strand daga hoton taron farko, don a ce mahaifinsa Harold kaɗai ya kafa ƙungiyar.

Wata rana da magariba ya sauka ɗakin ajiyar ƙungiyar, warin ruwan wanke fim ya buge shi. Wata tsohuwa na zaune gaban na'urar duba fim.

"Madam, an tashi aiki," in ji shi.

"Ɗan Harold, aikinka bai yi tsabta ba. Ka bar yatsuna biyu a kafaɗar ubanka."

Ta juyo. Haƙoranta baƙi ƙirin, ƙwayar idonta fara fat, yadda mutum ke fitowa a jikin fim kafin a buga hoton a takarda. Da yatsu uku take riƙe da rezarsa.

"Matso in koya maka."