Lambar Wayar Umma

"Fasinjojinmu masu daraja, a ɗaura bel, a miƙe kujera, a kashe waya. Shi kuma Malam a sauka daga kan akwati, ya rufu!"

Amarya ce ke wannan shela, ta toshe hanci da yatsu biyu, murya siririya kamar ta ma'aikatan jirgi. Mijinta da ke zaune kan akwatin don zif ya ja, saura kaɗan ya faɗo don dariya.

"Ke wai yaushe za ki girma ne?"

"Sai na ga teku. Kafin nan ban yi wa kowa alkawari ba."

Shekararsu biyu da aure, amma sunan Amarya ya ƙi barinta. Ita nas ce a asibiti, shi malamin makaranta. In an ba shi hutu tana kan duti, in ta samu nata shi yana tsakiyar jarrabawa. Sai bana Allah ya haɗa musu kwana biyar cif, bayan ta yi musanyen duti da mutum uku. Suka yanki tikitin jirgin sama na ƙarfe goma sha ɗaya zuwa wani gari na bakin teku, abin da Amarya ba ta taɓa gani ba sai a talabijin.

Daga falo aka yi gyaran murya.

"Autana! Wai ba za a auna ni ba yau? Ko mai tafiya ba ta san hawan jini ba?"

Umma ke nan, mahaifiyar Malam. Tun rasuwar mahaifinsa take tare da su, kuma kullum da safe Amarya ke auna mata jini kafin ta fita aiki. Ta ɗauko na'urar awon jinin ta fito da sauri. Ta tarar da Umma da tabarau a karan hanci tana duban waya, tana ganinta ta tura wayar ƙarƙashin filon kujera.

"Ina kwana Umma. Kawo hannun."

"Jiri nake ji tun asuba."

Na'ura ta kumbura, ta sace. Amarya ta duba.

"Umma, jininki ya fi nawa kyau."

"To na'urar ce ta lalace. Ni dai na faɗa, wannan tafiya ban ga dalilinta ba. Ruwa za ku kallo? Ga famfo nan a banɗaki! Kuma jirgi in ya tashi sama, ina zai tsaya in taya ta yi faci?"

"Umma, Yaya za ta zo ta zauna da ke har mu dawo," in ji Malam, yana nufin babbar yayarsa.

"Yayarka? Wadda in ta zauna da kai sai labarin ciwon ƙafarta? Ku tafi. Allah ya kiyaye hanya."

A filin jirgi komai ya fara lafiya. Amarya ta zo da shirinta, don abokan aikinta sun ja mata kunne: caja a jakar hannu, kaya kala ɗaya na canji, gorar ruwa da biskit. Sha ɗaya ta yi, lasifika ta yi ƙara aka ce a yi haƙuri, jinkirin awa ɗaya ne. Sha biyu ta yi, aka ƙara awa biyu.

"Saboda dalilan aiki," Amarya ta maimaita a kunnen Malam da muryar mai shelar, har da jan numfashinta. "Wato direba bai gama karin kumallo ba."

Wata tsohuwa da ke kusa da su ta tuntsire da dariya har mayafinta ya zame. Kafin azahar Amarya ta kwaikwayi mutumin da ke ta ihu a waya yana cewa ba a san ko shi wane ne ba, ta kwaikwayi mai gadin ƙofa, ta raba wa yaran wata mata biskit. Malam yana kallonta yana murmushi, ya ce ko nan suka ƙare hutun bai yi asara ba.

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi!" ta ce.

Ƙarfe huɗu saura aka soke jirgin.

Layi ya miƙe har bakin ƙofa. Da suka iso gaban teburin masu tikiti, ma'aikaciyar wurin ta karɓi tikitinsu ta danna kwamfuta, ta ɗago a gajiye.

"Ai tun bakwai na safe muka tura muku saƙo cewa jirgin nan na iya ƙin tashi. Duk wanda ya amsa mun mayar da shi jirgin ƙarfe biyu, sun ma sauka yanzu. Ku ba ku amsa ba."

"Wallahi ba mu ga komai ba!" Malam ya fito da wayarsa.

Ta karanto lambar da ke kan tikitin. Tun kafin ta kai ƙarshe Malam ya dafe goshi.

"Ta Umma ce," ya ce a hankali. "Tun ina sakandare, duk fom ɗin da aka ba ni ita nake rubutawa. Hannuna ne ke rubutawa da kansa."

Amarya ta dubi tikitin. Tabarau a karan hanci ne ya faɗo mata a rai, da wayar da aka tura ƙarƙashin filo.

"Kujerar da ta tabbata sai nan da kwana uku," in ji ma'aikaciyar. "Amma zan sa ku a jerin masu jiran gurbi na gobe. In wani ya fasa, saƙo zai shigo, kuna da minti talatin ku amsa. In canza lambar?"

Malam ya ce, "Canza, don Allah, sa..."

"Bar ta," in ji Amarya.

Malam ya juyo. "Ke! Kin ji kuwa? Nan da kwana uku saura mana kwana ɗaya. Goben nan ce kaɗai damarmu!"

"Na ji. 'Yar'uwa, bar lambar yadda take."

A tasi ne abin ya fashe.

"Wataƙila ba ta gani ba," ya ce.

"Ta gani. A gabana ta ɓoye wayar."

"Uwata kike zargi?"

"Ba zargi ba ne, Malam, ido ne." Hawaye suka zubo mata, ta share da bakin mayafi. "Duti uku na ɗauka a jere don kwana biyar ɗin nan, har ƙafata ta kumbura."

Ya kama hannunta. "Sori. Laifina ne. To in haka ne me ya sa kika ce a bar lambar? Ni ban gane ki ba."

"In na canza, zan samu kujera a jirgi, amma in dawo gidan da ni da Umma za mu riƙa kallon juna ta wutsiyar ido har abada. Ka bar ta ta zaɓa da kanta."

"In kuma ta sake ɓoyewa?"

"To sai mu kalli famfo a banɗaki."

Sun iso gida ana kiran magariba. Ba su yi wa kowa waya ba, amma a kan tebur faranti uku ne a jere, kuma Umma ta riga ta gaya wa Yaya ta dakata, ba sai ta zo yau ba. Malam ya dubi farantan, ya dubi matarsa, ya sunkuyar da kai.

"Au, kun dawo?" in ji Umma, idonta na kan talabijin. "Ai na ce muku jirgi ba abin yarda ba ne."

"Mun dawo Umma. An soke. Sannu da gida," Amarya ta ce, ta durƙusa ta gaishe ta kamar kullum. Maganganu sun cika mata baki fal, irin waɗanda ta iya jerawa da murya kala-kala, amma ta haɗiye. Ta ci abinci, ta wanke kwanuka. Akwatin kuwa ta bar shi a bakin ƙofa, ba ta buɗe ba.

Washegari da safe ta fito da na'ura.

"Ina kwana Umma. Kawo hannun."

Umma ta miƙa ba ta dube ta ba. Na'ura ta kumbura, ta sace. Amarya ta ɗaure fuska.

"Yau kam ya hau. Ba ki yi barci ba ko?"

"Sauro ne."

"Wannan sauron da ƙarfi yake."

Daidai nan wani abu ya yi zzzt a ƙarƙashin filo. Malam da ke tsaye da kofin shayi ya ɗaga ƙafa zai matso, Amarya ta harare shi, ya tsaya. Ta ci gaba da naɗe igiyar na'urar a hankali, kamar ba ta ji komai ba.

Umma ta daɗe tana kallon bango. Can ta cusa hannu ta zaro wayar, ta gyara tabarau, ta karanta.

"Kujera biyu," ta ce. "Ƙarfe ɗaya." "'Yar nan, jiya ma ya shigo. Na karanta sarai. Na ɓoye."

"Na sani, Umma."

"Kin sani? Kuma kika bar musu lambata?"

"To lambar wa zan bari? Ke ce uwarmu."

Nan Umma ta fashe da kuka, irin kukan da Malam bai gani ba tun rasuwar mahaifinsa. Ya ajiye kofi ya durƙusa.

"Umma, kwana huɗu ne kawai, ba zan daɗe..."

"Kai rufe mini baki! Wa ya ce don kai ne? Kai da in ka dawo daga makaranta sai jan biro a kan littattafai, mutum ya yi ta magana kana 'uhm, uhm'!" Ta kama hannun Amarya. "Wannan ce. Tun da mahaifinku ya tafi, ba wanda ke sa ni dariya sai ita. In ta dawo ta yi mini muryar likita, ta yi mini ta mai kayan miya... Da na tuna safiya za ta yi ba wanda zai ce mini 'kawo hannun', sai na ji gidan ya yi mini faɗi. Son zuciya ne, 'yar nan. Ki yafe mini."

Amarya ma hawaye take, amma shaiɗancinta bai bar ta ba. Ta ɗauki tabarau ɗin Umma ta ɗora a karan hanci, ta turo baki.

"Ruwa za ku kallo? Ga famfo nan a banɗaki!"

Umma ta saki baki. "La ila! Ni kike kwaikwaya? Ashe har da ni a cikin kayanki?" Dariya ta ƙwace mata a tsakiyar kuka, ta kai wa Amarya dukan wasa a kafaɗa.

"Umma," in ji Malam, idonsa na kan agogo, "minti talatin fa suka ce. Saura sha tara."

"To ba ni tabarau ɗina, ja'ira! Ina ake dannawa?"

Da yatsanta ta danna. Da amsa ta shigo cewa kujeru sun tabbata, sai ta miƙe kamar ba ita ce mai jiri ba.

"Ku tashi! Autana ɗauki akwati, kana tsaye kamar an dasa ka! A kira mini Yayarku ta zo yanzu, zan jure labarin ƙafarta."

Kafin tasi ta iso Yaya ta zo, Amarya ta koya mata ɗaura na'ura sau biyu, ta rubuta lokutan magani ta manna a jikin firij.

Jirgin ƙarfe ɗaya ma sai biyu da rabi ya tashi. Da aka yi shelar jinkirin, Malam ya yi tsaki, Amarya ta miƙa masa biskit. "Ci, Malam. Wanda ya jira shekara biyu, awa ɗaya da rabi ba ta kashe shi."

Washegari da hantsi wayar Umma ta yi ƙara, kiran bidiyo. Ga Amarya tsaye ruwa har gwiwa, iska na kaɗa mata mayafi, teku a bayanta ba iyaka.

"Ina kwana Umma! Kawo hannun!"

Umma ta ɗaga hannun da Yaya ta ɗaura wa na'ura ta nuna mata, sannan ta matso da fuska kusa da wayar, ta daɗe tana kallo.

"Ikon Allah... Wannan kam ya fi famfo. Ke, fito daga ciki kar ya janye mini ke!"

Kwana huɗu suka yi maimakon biyar, kuma Amarya ba ta taɓa kukan kwana ɗayan da ya tafi ba. Da ta biye wa fushinta a filin jirgi, da ta ga teku ta dawo ta tarar da gidanta ya yi sanyi. Jirgi in an soke, wani na tafe gobe, amma zuciyar uwa in ka bari ta tashi ba da kai ba, samun gurbi a cikinta sai an sha wuya. Shi ya sa mai haƙuri kan tafi da duka biyun.

Malam dai ya koyi rubuta lambarsa a fom. A tikitin baɗi kuwa lambar Umma ce dai a kai, don wannan karon kujera uku aka yanka.