Mai Ɗauko Baba Mijinyawa

Daga sama Anas ya fara ganin Safiatou. Yana shawagi da lemar tashi, inji goye a bayansa yana ta ruri, sai ya hango wata budurwa zaune a kan tsohuwar mota kat-kat a gindin tsaunin da ke ƙetaren kogi. Ba shi da dalilin sauka a nan, amma ya sauka.

Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce ƙarar injinsa ta cika mata kunne. Ya ba ta haƙuri, ya tambayi abin da ya zaunar da ita cikin wannan rana. Ta nuna wani ɗigo can kusa da gajimare.

"Babana ne. Shi ba ya ɗaukar inji, iska mai ɗumi yake bi ya yi sama kamar shirwa. Duk inda iska ta ajiye shi, ni ke zuwa ɗauko shi."

Kafin ta tayar da mota ya samu lambarta. Daga nan saƙonni suka fara kai da kawowa.

"Tauraruwata, yau na bi ta saman unguwar Koira Kano, na gaida rufin gidanku."

"Na ji ka, Sarkin Ƙara. Har kajin maƙwabta sun amsa."

So ya kama Anas sosai, amma akwai abin da ke cin ransa. Masu tashi da lema a Yamai ba su da yawa, sai dai rigimarsu a gurup ɗin WhatsApp ta fi ta kasuwa zafi. Masu inji na cewa marasa inji bayin iska ne, marasa inji na cewa masu inji 'yan kabu-kabu ne da suka ɓace hanya suka hau sama. Lokacin da yake sabon shiga, bakinsa bai san linzami ba, Anas ya taɓa mayar wa wani dattijo martani a gurup ɗin:

"Tsofaffin da ake kwasowa daga gonakin mutane ne za su koya mana tashi? Ni ba na jiran kowa, kuma ba wanda ke jirana."

Dattijon nan shi ne Baba Mijinyawa, mahaifin Safiatou. Anas ya goge saƙon tuni, yana fatan an manta.

Habibu bai manta ba. Shi ɗalibin Baba ne, ya daɗe yana son Safiatou bai samu fuska ba, kuma ya ajiye hoton maganar a wayarsa. Ana gobe iyayen Anas za su zo neman aure ya nuna wa Baba. Dattijon ya aika a ce su dakata.

Da yamma saƙon Safiatou ya shigo:

"Masoyi, na yi kuka har na gaji. Baba ya ce zagin bai dame shi ba. Ya ce mutumin da ke alfahari ba ya jiran kowa, yaya zai ba shi ɗiyarsa?"

Kunya ta rufe Anas, tsoron rasa ta kuma ya hana shi sukuni. Ya rubuta ban haƙuri a gurup, Baba ya karanta amma bai janye dakatarwar ba.

Ran Asabar Anas ya zo gindin tsauni ba lema ba inji. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya roƙi a ba shi makullin kat-kat, yau shi zai je ɗaukowa. Baba ya dube shi jim, ya jefa masa makullin, ya hau tsauni da lemarsa, ya ruga ya bi iska.

Ranar Anas ya san abin da Safiatou ke sha. Mota ta kafe a rairayi, rezon waya ya ɗauke, ɗigon nan ya ɓace masa a sama. Ya bi ƙauyuka yana tambaya da guntun Zabarmancinsa, yana tunanin ko dattijon ya faɗi wani wuri ya karye. Sai bayan la'asar ya same shi zaune a inuwar gawo, manoma kewaye da shi.

Anas ya miƙa masa ruwan sanyi.

"Mi ya sa idonka ya yi ja, yaro?"

"Na ɗauka wani abu ya same ka, Baba."

Dattijon ya sha ruwan. Ya miƙa masa gefen lemar su naɗe tare, abin da bai taɓa barin ko Habibu ya yi ba.

Haka Anas ya ci gaba da bin sa kowace Asabar har damina ta kawo kai. Wata safiya sai ga saƙon Baba a gurup:

"Har gobe inji ba tashi ba ne, ƙara ce. Amma mai injin nan, Anas, ya iya jira. Na ba shi Safiatou. Ku zo ɗaurin aure."

A ƙarƙashin gayyatar ma sai da aka sake kaurewa da gardama.

An ɗaura aure a Koira Kano, masu inji da marasa inji a tabarma ɗaya. Baba ya dafa kan ango da amarya, ya ce Allah ya sa duk inda ɗayansu ya sauka ya tarar da ɗan'uwansa yana jiransa. Jama'a suka amsa da amin.

Yanzu ran Asabar mutum biyu ke zama a kan kat-kat ɗin, suna duban sama.