Ɓaunar da Ta Ƙi Girma

Ladan bai kira assalatu ba Korau ya riga ya tsaya a zauren taubashinsa Sallau Mai Hoto, bindigarsa adaka a saɓe, burgami a rataye, gorar ruwa tana dukan kwankwasonsa. A kan tabarma, ƙarƙashin hasken tocila, Sallau ya ajiye kyamararsa tare da gilasai biyu irin waɗanda ake ɗaura mata a baki don jawo abin da ke nesa, ya yi tagumi yana dubansu kamar wanda aka ce ya zaɓi na yankawa cikin ragunansa biyu.

Abin da ya tayar da dattawan nan da duhu ba nama ba ne. Dagacin Tungar Maje ya riga ya yanke magana cewa ranar kasuwa mai zuwa malaman daji za su zo, kuma in ba a nuna musu shaidar cewa har yanzu akwai babban nama a Dajin Marke ba, za a saki dajin ga masu gawayi su raba. Korau, wanda ya yi furfura a cikin wannan daji, ya tashi a gaban jama'a ya rantse ya ga sawun ɓauna a bakin tabki. Matasa suka yi dariya, suka ce sawun shanun Fulani ne tsufa ya ƙara wa faɗi. Dagaci bai yi dariya ba, amma ya ce masa gani ya kori ji, kuma mutanen birni hoto suke yarda da shi, ba rantsuwa ba.

Gilashi na farko dogo ne mai kauri kamar taɓarya, ba ya miƙewa, ba ya lanƙwasa, kuma sai an kafa masa ƙarfe mai ƙafa uku yake tsayawa. Sallau ya yabe shi ƙwarai, ya ce ko a duhun kurmi yana fitar da gashin ido. Na biyu gajere ne mara nauyi, da zobe a wuyansa: in an murɗa dama ya jawo abu kusa, in an murɗa hagu ya mayar da shi baya. Shi ne masu hoto ke kira zum. Korau bai saurari yabon ba. Ya ɗauki kowanne ya jinjina a tafin hannu, ya tuna nisan tabkin, ya tuna gwiwoyinsu, sannan ya miƙa wa Sallau ƙaramin.

"Bawana, wannan za mu ɗauka," in ji shi. "In ka saɓa waccan taɓaryar, ni zan dawo da kai a wuya, kuma ban saye ka don haka ba."

Sallau ya ce bawa dai ya san kansa, ya cusa ƙaramin a jaka yana gunaguni. Suka yi salla a bakin gari, suka kama hanya gabas tana fara ja.

Bazara ta riga ta gasa ƙasa. Gonaki suka ƙare, suka shiga saura, daga nan suka ratsa inda masu gawayi suka fara ci tun ba a ba su izini ba. Kututturan ƙirya a jere, farin yanka na injin, ramuka baƙaƙe suna fitar da siririn hayaƙi. Korau ya wuce su kansa a sunkuye. Ba ya iya zagin masu gawayi da cikakken baki, domin ya san cewa kafin gatari ya shigo dajin nan albarushi ne ya share masa hanya, kuma sa'o'insa ne suka ɗura shi. A da, a daidai nan, gwanki kan tsaya ya dube ka ido da ido. Yanzu ko makwarwa ba ta tashi ba.

Hantsi ya yi, sannan ya gota. Suka gangara ƙorama busasshiya, yashi yana cin ƙafa har idon sawu, ƙudan tsando yana bin wuyansu. Marke da taura suka fara haɗa kai a sama, gamba busasshiya ta kai kafaɗa tana yankar hannu. Babu mai magana. Sai numfashin Sallau a baya, yana shiga yana fita kamar zugazugin maƙeri, da ƙarar kurciya can nesa wadda ba ta gajiya da maimaita abu ɗaya.

A gindin wata kanya, inda ƙasa ta soma laushi, Korau ya durƙusa. Ga sawun. Ya fi na saniya zagaye, ya fi nutsewa ta gaba, domin nauyin ɓauna a ƙirji yake. Ga kashi a gefe, samansa ya bushe. Ya tsaga shi da tsinke ya tarar cikinsa da ɗanye. Ya juya ya nuna wa Sallau, sai ya gan shi zaune a kan saiwa, ya miƙe ƙafar hagu, gwiwar ta kumbura har ta cika wandon. Mutumin da ya saba tsayuwa a gidajen biki ya ba daji iyakar abin da yake da shi. Ya ce ko ɓaunar ce za ta zo ta gaishe shi, ba zai iya ƙara taku ba.

Komawa ba hoto daidai yake da miƙa dajin. Daga bisani Sallau ya ciro kyamarar, ya rataya wa Korau a wuya, ya koya masa abin da zai iya koyuwa a inuwa ɗaya: nan za ka sa ido, nan za ka danna, wannan zoben kuma ka riƙa murɗawa har dabbar ta cika gurbin hoton, kada ka bari ƙaho ko ƙafa ya fita waje, domin hoton da ya yanke ƙaho malaman daji za su ce saniya ce. Ya nanata wannan har sau da yawa. Kyamara tana son hannu biyu, saboda haka Korau ya sauke adakar, wadda tun gida ya ɗura, ya jingina ta a cinyar taubashinsa, ya gargaɗe shi kada ya taɓa kunamar bindigar. Tun yana saurayi bai taɓa shiga ciyawa ba bindiga ba. Ya ji kafaɗarsa tsirara.

Ya ci gaba shi kaɗai. Ya zaro ƙullin toka daga burgami, ya sheƙa kaɗan, ya ga iska tana zuwa daga tabkin, ya gode Allah. Ya cire takalmi, ya shiga rarrafe, ƙaya tana shiga gwiwa, gumi yana cika masa ido. Tafiyar da a da zai yi ta da numfashi ɗaya, yau sai da ya kwanta ya huta a tsakiyarta, kuncinsa a kan ƙasa mai zafi, yana jin bugun zuciyarsa a cikin kunne. A ƙarshe ya kai bakin wani ɗan kwazazzabo, ya ɓuya bayan suri, ya ɗaga kai.

Tabkin ya janye ya zama laka, ruwan da ya rage bai fi shimfiɗar tabarma goma ba. A can ƙetare, ƙarƙashin wani dutse mai tsagaggen kai, ɓaunar tana tsaye. Baƙa-baƙa ce mai ja a ciki, laka ta bushe a gadon bayanta, carki biyu suna yawo a wuyanta. Nisan ya fi ƙarfin adaka sau biyu. Korau ya auna shi da kallo ɗaya, domin ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma da wannan kimar ya rayu har ya tsufa.

Ya ɗora ido a kan kyamarar, ya murɗa zoben dama. Dajin ya ɓace. Ɓaunar ta taso ta tsaya a gabansa, har yana ganin tsagar da ke ƙahonta na hagu da yawun da ke zuba daga leɓenta. Shekara da shekaru yana duban irinta ta kan bakin bindiga, idonsa a kan bayan kafaɗa kawai, inda harsashi zai shiga. Bai taɓa tsayawa ya ga fuskar ba. Ya danna. Kyamarar ta yi ƙas.

Kunnen ɓaunar ya motsa. Ta ɗaga hanci. Ya sake dannawa, sai ya ga ƙahon dama yana neman fita daga gurbin. Ya tuna gargaɗin Sallau, ya murɗa zoben hagu kaɗan, ta koma daidai. Ya danna. Ƙahon ya sake taɓa gefe, ya sake murɗawa, ta sake komawa daidai. Haka ya yi ta yi, yana jin daɗin yadda hannunsa ya kama aikin, ita kuwa tana nan yadda take, ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba, tana dubansa daga wurin da zuciyarsa ta ajiye ta, can ƙetaren laka. Bai ji iskar rana ta juya ta koma bayan wuyansa ba. Bai lura carkin sun tashi ba.

Zoben ya tsaya, ya ƙi murɗuwa, amma duk da haka ya danna. A lokacin ne hancinsa ya gaya masa abin da idonsa ya ɓoye: warin laka da fitsari da ɗanyar ciyawa, mai ɗumi, kamar an buɗe masa ƙofar garke. Ya sauke kyamarar daga fuskarsa.

Tana wannan ƙetaren. Tsakaninsu bai fi tsawon igiyar guga ba, kuma ta riga ta miƙe wuya, ta kwantar da ƙaho baya, ƙasa tana amsa kofatonta. Hannunsa ya tafi kafaɗa neman adaka, ya kamo iska.

Sai daji ya tsage da ƙara. Daga tudun da ke bayansa wuta da farin hayaƙi suka tashi sama, tsuntsayen fadamar duka suka watse. Ɓaunar ta karkace. Ba ƙahon ne ya same shi ba, kafaɗarta ce ta share shi tare da rabin surin, ya tafi da baya cikin kwazazzabon, ya faɗi a kan haƙarƙari, ya rungume kyamarar a ƙirji kamar jariri. Ya kwanta yana sauraron gamba tana karyewa, ƙarar tana nisa, tana nisa, har ta ƙare.

Ya daɗe kafin ya iya hawowa. A kan tudun ya tarar da Sallau a kwance rigingine, gemunsa ya babbake gefe ɗaya, kafaɗarsa ta sauka, adakar can gefe tana hayaƙi. Ashe zaman ya gagare shi, ya ja gindi ya hau tudun don ya gani, kuma daga nan, da idonsa na Allah, ya ga dabbar tana taka laka tana nufo surin, mutumin da ke bayan surin kuwa ko gezau. Ya yi kira, muryar ta ƙi fita. Shi ne ya ɗaga bakin bindigar sama ya rufe ido.

"Na ɗauka jarunta ce ta hana ka gudu," in ji Sallau da ƙyar.

"Ban ga tana zuwa ba," Korau ya ce. "A cikin abin nan naka ba ta girma."

Sallau ya ce da taɓaryar suka ɗauko, da tun takunta na farko ta cika gurbin ta tumbatsa, da ko makaho ya san ta taso.

Suka jingina da juna a inuwa, Sallau ya kunna bayan kyamarar da hannunsa mai lafiya. Hoto bayan hoto, ɓauna ɗaya, girma ɗaya, ƙaho cikakke. Sai a na ƙarshe, wanda aka ɗauka bayan zoben ya ƙure, fili ya buɗe: ga laka, ga dutsen mai tsagaggen kai, ga ɓaunar ta taso. A can gefe kuma, a gindin dutsen, inda take tsaye da fari, wani abu ja yana leƙe daga cikin tofa. Sallau ya buɗa wurin da yatsa biyu. Kunnuwa ne manya, da ɗan goshi da ko tsiron ƙaho babu.

Korau ya dube shi har idonsa ya yi ruwa. Ɗan maraƙi ne, bai fi wata biyu ba. In akwai ɗa, akwai uba. Amma tun safe yake karatun ƙasar nan, bai ga sawun namiji ko ɗaya ba, kuma bai san wani lungu a Dajin Marke da zai ɓoye masa bajimi ba. Sallau ya ce wannan hoton kaɗai ya isa ya rufe bakin masu gawayi, kuma ya kamata a rubuta cewa taɓarya ba za ta taɓa kamo shi ba.

Amma Korau dutsen yake kallo. Ranar kasuwa hoton zai bi hannu hannu a ƙofar dagaci, kuma a cikin masu dubawa akwai samari masu sababbin bindigogi, waɗanda kowannensu ya san dutsen nan kamar ƙofar ɗakin uwarsa. Ya tambayi Sallau ko ana iya rage hoto, aka ce ana iya. Ya sa babban yatsansa, mai jini da laka, ya rufe kan dutsen.

"Ka bar uwar, ka bar ɗan," ya ce. "Wannan ka yanke shi."

Rana ta karkata. Ya sare wa Sallau sanda, ya saɓa adakar da babu komai a cikinta, ya ba shi kafaɗar da ba ta ciwo. Suka juya yamma suna ɗingishi, kuma duk inda sawun ɓaunar ya ratsa hanya, Korau yakan tsaya ya shafe shi da tafin ƙafa kafin su wuce.