Abin da Aka Ciro a Hanjin Baba

"Maimaita min abin da ka gaya wa Mama."

Tana zaune a kujerar gaban motarsa a harabar asibiti, ledar magungunan Babanta a cinya. Shi kuwa ya riƙe sitiyari da hannu bibbiyu, alhali motar a kashe take.

"Gimbiya, wallahi raha ce kawai..."

Raha ce kuwa. Tun da aka yi wa Babanta aikin ciwon dajin hanji, saurayin nan nata ne ke kai shi asibiti, ya riƙe masa sanda, ya gyara masa takalmi, Baba kaza, Baba kaza, har likita ta ɗauka ɗan cikinsa ne. Da aka gwada ƙarin da aka ciro, jinin Baba kuma ya tabbatar ciwon na gado ne, sai likitar ta zaunar da shi ta ce kowane ɗa zai iya gadon haɗarin ko ya tsira, rabi da rabi, don haka shi ma ya zo a ɗebi jininsa.

Bawan Allah ya koma gida yana ƙyaƙyata dariya, wai an mayar da shi ɗan gida tun kafin aure. Kuma duk faɗin duniya bai ga wanda zai ba labarin ba sai mahaifiyarsa.

Mama ba ta yi dariya ba. 'Yar aminiyarta, wadda ta daɗe tana haƙonsa, ta zama likita dare ɗaya, kullum da sabon bidiyon hanji da take tura wa tsohuwa a waya.

"To, me Mama ta yanke?"

"Ta ce ki yi gwajin jinin. In ba ki da shi, a sa rana."

"In ina da shi fa?"

"Ai likita ta ce ba hukuncin kisa ba ne. Ana duba hanji a kai a kai, a kama shi da wuri..."

"Ba likita na tambaya ba, masoyi."

Malamin lissafi ne, ya san rabi ba kaɗan ba ne. Ya goge ƙurar da babu ita a jikin gilashi.

"Jikokinta take tunani," ya ce a hankali.

"Kai fa?"

"Ina son ki, kin sani."

"Na sani. Sona kake, kana jiran ɗakin gwaji ya ba ka izini."

"Haba, Gimbiya..."

Ta so ya yi mata tsawa, ko ya rantse mata ko da ƙarya ne. Sai kawai ya sunkuyar da kai.

Ta buɗe ƙofa.

"Yanzu zan shiga a ɗebi jinin. Don kaina, da ƙannena. Kai dai ba za ka ji sakamakon ba."

"Ko da ba ki da shi?"

Ta juyo ta kalle shi. Fuskarsa har ta ɗan washe don sa rai, kuma wannan ya fi komai yi mata ciwo.

"Ko da ba ni da shi."

A ciki, nas ta ɗaure mata dantse, ta soka allura, ta cika kwalba.

"Wa za mu kira in ba mu same ki ba?"

Bakinta ya fara karanto lambarsa da ka, har ya kai tsakiya, sannan ta tsaya.

"'Yar'uwa, ina ji."

"Goge," ta ce. "Ku yi ta kirana har in ɗauka."