Farantin da Ke Kallon Daji

Muryarta Yahya ya fara sani kafin fuskarta. Yana bisa tsani a jikin katangar gidan da Malam Rabo yake haya a Ƙanƙara, yana juya farantin satalayit sannu-sannu, ita kuma tana ɗaki gaban talabijin tana faɗa mashi abin da take gani. Aikin dama sai da mutum biyu, na sama da na ɗaki.

"Ya zo! A'a, ya tafi. Malam, wai hannunka rawa yake yi?"

"Hannuna lafiya lau. Ihunki ne ke korar hoton."

Da hoto ya tsaya ya ɗaure noti, ya sauko, sai ga ta da kofin ruwa. Zulaihatu, ɗiyar Malam Rabo. Bawan Allah ya sha ruwan nan, ya yi godiya, ya tafi ya bar sifanarsa a ƙasa.

Gidan ba gidan dariya ba ne. Daga wani ƙauye bayan 'Yankara suka gudo, bayan 'yan bindiga sun tafi da yayanta Gide daga gona. Ba a ga gawa ba, ba a ji labari ba. Farantin ma na Gide ne, shi ya kafa shi da hannunsa a can gida. Uwarsu Mero ce ta matsa a sake kafawa, don shirun gidan ya ishe ta, duk motsin ƙyaure sai ta ɗaga kai.

Da yamma saƙo ya shigo wayar Yahya:

"Mai tsani, ka manta ƙarfenka. Ko da gangan ne?"

Ya mayar mata:

"Zulai, wallahi ban san na manta ba. Abin da na baro a gidanku ya fi sifana nauyi."

Haka abin ya ƙullu. Har Mero ta fara jin ɗiyarta tana 'yar waƙa wajen wanke-wanke.

To, akwai Abubakar Sadiq, ɗan sa-kai, wanda ya daɗe yana zuwa zance wajen Zulaihatu ba a ba shi fuska ba. Shi ya tsugunna gaban Malam Rabo a ƙofar masallaci.

"Baba, ka zaga gari ka duba. Duk farantin da yaron nan ya kafa, yamma yake kallo, wajen daji. Kullum yana bisa katangar mutane da waya a hannu. Wa yake wa ishara?"

Malam Rabo ya zaga, ya ga haka ne. Kaico! A ƙasar nan idan aka kira mutum infoma, mai kai wa ɓarayin daji labari, ba aure kaɗai yake rasawa ba. Akwai waɗanda aka fita da su a kan wannan kalma, ba su dawo ba.

Malam Rabo ya shigo gida.

"Kada in ƙara ganin yaron nan a ƙofata. Gobe zan kai sunansa wajen 'yan sa-kai."

"Baba, mi ya yi?" in ji Zulaihatu.

"Irinsu suka nuna gonar da Gide yake!"

Ta shige ɗaki ta rubuta, hawaye na ɗiga a kan wayar:

"Masoyina, ka bar garin nan yau. Ka tafi Sabuwa wajen kawunka. Na yarda in rasa ka da ranka."

Amsa ta zo:

"In na gudu na zama abin da suka ce. Ina nan, Zulai. Tsoro nake ji ƙwarai, amma ina nan."

Da safe Malam Rabo ya jingina tsani da kansa, sifanar nan a aljihu. Ya ce ba zai fita ba sai ya kawar da fuskar farantin ɗansa daga daji. Ya kwance noti, ya juya shi gabas.

"Zulaihatu! Mi kike gani?"

"Babu komi, Baba."

Ya juya arewa. Babu. Ya ɗaga sama, ya sauke ƙasa, gumi ya jiƙa mashi riga, maƙwabta suka fara leƙowa. Tsoho da taurin kai, ya ƙi sauka. Yana matsawa kaɗan-kaɗan, ita tana cewa babu, har dai ta ƙwala kira:

"Tsaya nan, Baba! Ya zo!"

Ya tsaya. Ya bi fuskar farantin da kallo, sai ya ga yamma yake fuskanta, can inda duwatsu suka yi dishi-dishi, hanyar gida. Tun da suka zo garin nan bai yarda ya kalli wajen ba. Nan ya tuna, a ƙauye ma haka Gide ya kafa shi, bayansa ga rumbu, fuskarsa ga faɗuwar rana. Ashe can tauraron satalayit ɗin yake a sama, ko wa ya kafa faranti can zai kalla.

Ya daɗe a bisa tsanin, kafaɗunsa na girgiza. Mero ta fito ta riƙe ƙafar tsanin.

Da ya sauko, a maimakon wajen 'yan sa-kai, shagon Yahya ya nufa. Yahya na hango shi ya miƙe.

"Ka turo magabatanka," in ji Malam Rabo.

Bayan kaka aka ɗaura auren. Abubakar Sadiq bai zo ba, ba a kuma tambayi dalili ba. Da aka shafa fatiha, Malam Rabo ya kama hannun ango a gaban jama'a, ya ƙi saki.

"Ku shaida. Ɗa ɗaya daji ya karɓe mini da ƙarfi. Wannan saura ƙiris in miƙa shi da bakina. Allah Ya bar ku tare, Ya sa ku tsufa a gida ɗaya ba gudu."

Aka amsa da amin. A cikin gida Zulaihatu ta ji, ta kifa kai a cinyar uwarta, su biyun suka yi ta kuka, mata na ta guɗa a kansu.